Baffa da Layin da Ya Hana a Rufe

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya karɓi ran Baffa a farkon daminar nan, wata Laraba bayan azahar, hadari ya haɗo ta gabas ya tsaya cak bai zubo ba. Kafin la'asar ƙofar gidanmu a Yalwawa ta cika. Dillalan shanu sun zo daga Jahun da sandunansu a kafaɗa, ko gida ba su biya ba. Tsofaffin abokan aikinsa na ma'aikatar dabbobi sun jeru a tabarma guda, kowa ya sunkuyar da kai. Matan ruga kuwa cike da adaidaita sahu suka iso, suka wuce cikin gida ba guɗa ba kururuwa, sai ƙarar munduwa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk cikin taron nan ba wanda ya yi tambayar da aka saba yi a gidan rasuwa. Ba wanda ya ce, "Ya yi jinya ne?" Wani tsohon dillali ya riƙe hannun Yaya Babba, babban ɗan Baffa, ya daɗe bai saki ba, sannan ya ce, "Tun bara muke kallonsa yana ƙarewa a tsaye. Allah ya ji ƙansa." Gwaggo, ƙanwar Baffa da ta zo daga Garki, ko hawaye ba ta yi ba. Ta zauna ta miƙe ƙafa, ta dubi bango ta ce, "Ya gaji." Da liman ya zo ƙarshen addu'a ya ƙara da cewa, "Da waɗanda ba mu san halin da suke ciki ba," sai amin ɗin ta fito da nauyi, har wasu suka kasa ɗaga ido.

Ni 'yar ƙaninsa ce. Mahaifina ya rasu ina goye, Baffa ya ɗauke ni, ban taɓa sanin wani uba ba sai shi. Yanzu ina aiki a ofishin wani kamfanin waya a nan Dutse, ina zama a kantar da ake sauraron koke-koken masu layi. Na ga ya kamata in rubuta abin da na sani game da shi, domin akwai ɓangaren da ya faru a gabana, a kan kwamfutar da nake aiki da ita, kuma ba na so ya bi iska.

Dogo ne siriri, hularsa kullum a ture take baya. Malamin dabbobi ne har ya yi ritaya, daga nan ya koma kan shanun gado da ke rugarmu a gefen Jahun, yana saye yana sayarwa. In aka kawo masa saniya mara lafiya, ba ya fara taɓa ta. Zai tsaya nesa ya kasa kunne ya ji numfashinta, sai ya ce, "Ta faɗa mini." Shayinsa ba sukari. Ba ya dariya da ƙarfi, sai dai kafaɗarsa ta yi rawa. Kuma saboda fulako, kunyar nan tamu ta Fulani, ban taɓa jin ya kama sunan ɗa ko ɗaya cikin 'ya'yansa ba. Yaya Babba shi ne "wancan", na tsakiya "na ruga", ƙaraminsu kuma, wanda mu muke kira Auta ko da ya yi aure ya tara gemu, shi ne "yaron nan". Ni kaɗai na samu suna a bakinsa, shi ma na tsokana: Ma'aikaciya.

Baffa yana cikin mutanen farko a Dutse da suka riƙe layin biyan wata. A da masu layi iri biyu ne. Akwai masu sa kati, su biya tukuna su yi magana, kuɗi na ƙarewa kira ya yanke. Akwai kuma masu biyan wata, su yi ta magana, sai ƙarshen wata a kawo musu takardar abin da suka ci. Baffa yana alfahari da nasa ƙwarai. Yakan ce, "Ni mutum ne da aka yarda da shi. In faɗi maganata, in biya daga baya." In ya ga Auta yana kankare kati da farce, sai ya kau da kai ya ce, "Dubi yaron nan, kamar mai tonon gyaɗa."

To, sai kamfaninmu ya haɗe tsarin biyu. Da can kowanne da na'urarsa, ba sa ganin juna, har in mai kati yana so ya koma biyan wata sai an rufe layinsa an sake buɗewa. Da aka haɗe, sai komai ya koma wuri ɗaya. Asusu guda yana iya ɗaukar layuka da yawa, wasu na kati wasu na wata. Kowane kira ana lissafa shi nan take, kowane layi yana da iyakar da aka yanka masa, kuma mai asusun yana samun saƙo a wayarsa in wani layi ya kusa kai iyaka. Mun sha wahala a makonnin farko. Mutane cike da ofis, kowa da fushinsa.

Cikin masu fushin har da Baffa. Ina zaune sai na hango hularsa a bakin ƙofa. Bai bi ta gefe ya zo wurina ba, ya karɓi lamba ya zauna a benci kamar kowa. Da aka zo kansa ya ajiye wayar a kan kanta ya ce, "Ma'aikaciya, yau ba wurin 'yata na zo ba, wurin kamfani na zo. Ina cikin ciniki da mutumin Maigatari aka yanke mini magana. Ni tunda nake ba a taɓa yanke mini magana ba."

Na ce, "Baffa, ku yi haƙuri. Yanzu kowa an sa masa iyaka, taku ce ta cika. Sai in ɗaga muku."

"Wato an daina yarda da ni."

"Ba ku kaɗai ba ne, Baffa. Na'urar ba ta san kowa ba."

Ya dube ni ya ce, "Abin da nake tsoro ke nan."

Amma da na yi masa bayanin cewa yanzu yana iya tattara layukan gidansa duka a ƙarƙashin sunansa, sai na ga idonsa ya canza. Kafin mako ya zagayo ya kawo kowa: Inna, wato matarsa, da 'ya'yansa maza da matansu, da makiyayin da yake yi mana kiwo. Har da wata bazawara maƙwabciyarmu mai tuyar ƙosai, wadda 'ya'yanta suke nesa. Ya ce in riƙa tura mata kuɗin kira daga asusunsa, kada in faɗa mata daga ina. Har ya rasu tana cewa kamfaninmu akwai kyauta. Yaya Babba ne kaɗai ya yi gunaguni, ya ce shi da 'ya'yansa huɗu a ce har yanzu uba ne zai san sau nawa ya yi waya. Baffa ya ce, "Ba na son sanin da wa ka yi magana. So nake in san kana numfashi."

Daga nan ya samu sabuwar al'ada. Kullum in ya dawo daga sallar la'asar sai ya zauna a kujerarsa ta zaure, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Kiran ba ya tsawo. "Jam?" In aka ce jam, wato lafiya, sai ya ce "Yawwa," ya kashe.

Bara da bazara Auta ya tafi sayen shanu wata kasuwa can yamma, nesa da Kano sosai. Ya saba zuwa. Ya kira ya ce ya gama ciniki, an yi lodi, sun kamo hanya. Da la'asar Baffa ya kira, wayar ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Washegari ma haka. Daga baya aka samu motar a gefen daji, ba shanu, ba direba, ba Auta.

An kai rahoto. Jami'an tsaro sun yi nasu ƙoƙarin, suka ce layin yana cikin wani daji mai faɗi, yau nan gobe can. Muka zauna jiran kiran da kowa ya san ana yi, a faɗi abin da ake so a kawo. Yaya Babba har ya fara ware shanun da za a sayar. Kiran bai zo ba. Wannan shirun ya fi komai tayar da hankali, domin mai neman fansa aƙalla yana da abin da yake tsarewa da rai.

Sai wata safiya saƙo ya shigo wayar Baffa daga kamfani, cewa kuɗin kiran layin Auta ya kusa ƙarewa. Ya zo ofis da kansa, wannan karon bai karɓi lamba ba. Ya miƙo mini wayar. Na duba kwamfuta. Ni a matsayina ba na ganin wanda aka kira ko inda ake, abin da nake gani kawai shi ne layin yana kunne kuma yana ci. Wani yana kira da shi.

Baffa ya ce, "In kuɗin ya ƙare fa?"

Na ce, "Mai riƙe da shi ba zai iya kira ba. Wataƙila ya cire sim ɗin ya yar."

"Mai da shi irin nawa. Ki ɗaga iyakar, ki kai ta inda take tsayawa."

A tsohon tsari da hakan ba ta yiwu ba sai mai layin ya zo da kansa. Yanzu kuwa da yake Baffa ne mai asusun, ya sa hannu, na danna, shi ke nan. Wani mutum a cikin daji ya wayi gari da layin da ba ya yankewa, bai san dalili ba. Na sha tunanin ranar nan. Da ba a haɗe tsarin ba, da layin ya mutu shiru, mu yi kukanmu mu haƙura. Sabon tsarin ya ba Baffa abin riƙewa, kuma abin da ya riƙe ɗin ne ya riƙa cinsa.

Rigimar da ban taɓa ganin irinta a gidanmu ba a kan wannan aka yi ta. Yaya Babba, wanda ko ido ba ya haɗawa da Baffa, ya tsaya a tsakar zaure ya ce, "Baffa, ku gafarce ni. Kun san me suke yi da layin nan? Wasu iyayen suke kira suna tsorata su. Da guminku ake yi. A rufe shi."

Baffa ya ce, "Na sani."

"Kun sani, kuma kuna biya?"

"In na rufe, gobe su sami wani layin, ba abin da ya ragu a cikinsu. Ni kuwa in na rufe, ba ni da wata ƙofa da zan ƙwanƙwasa."

Yaya Babba ya juyo kaina. "Ke ba a hannunki abin yake ba? Ki rufe mana."

Na ce ba ni da iko, sai mai asusu. Gaskiya na faɗa, amma ko da ina da ikon ban san wanda zan bi ba. Maganar Yaya Babba ba ƙarya ba ce. Na ga iyaye a kantata da irin idon Baffa. Daga ranar Yaya Babba ya cire layinsa daga asusun, ya koma sa kati. Yana zuwa gaisuwa kullum da safe, ya durƙusa, ya tashi, ba wata magana.

Baffa bai fasa kiran la'asar ba. Yakan bi kowa, ya bar layin Auta a ƙarshe. Ta yi ringi har ta gaji. Haka aka yi ta yi har ruwa ya sauka, gero ya yi kai. Rannan ina kawo masa shayi sai na ji ringin ya tsaya. An ɗauka. Ba a ce komai ba, sai iska da wani numfashi.

Baffa ya gyara zama, ya gyara hula kamar wanda baƙo ya shigo masa. Ya ce, "Salamu alaikum. Ni ne mahaifin mai wannan wayar. Ban kira don faɗa ba." Ya jira. Numfashin yana nan. Can aka kashe.

Tun daga ranar ana ɗauka, ba kullum ba, amma sau da yawa. Ba a taɓa amsa sallamarsa ba. Shi kuwa ya riƙa ba da labari kamar mai hira da maƙwabci: an yi ruwa a Jahun, gero ya yi kyau, farashin bijimai ya faɗi. Bai taɓa roƙo ba, bai taɓa zagi ba. Lokacin da matar Auta, wadda ya bari da ciki, ta sauka, Baffa ya ce a wayar, "In yana kusa da kai, ka gaya masa an samu mace. Lafiyarta ƙalau." Ranar numfashin ya daɗe kafin a kashe. Inna tana bayan labule tana ji, ta toshe bakinta da gefen mayafi.

Wata la'asar kuma, yana cikin magana sai ya tsaya ya karkata kai. Ni ma na ji, can nesa a cikin wayar wata saniya tana tari. Baffa ya ce, "Bawan Allah, saniyar nan da ke bayanka ciwon huhu gare ta. Ka ware ta daga garke yau ɗin nan. Kada ta sha ruwa tare da sauran, in ba haka ba duk za su kama."

Sannan wata murya, ta namiji, ƙasa-ƙasa, ta ce, "To."

Kalmar da Baffa ya taɓa samu ke nan daga can, ita kaɗai. Da aka kashe ya ɗora wayar a cinya. Na ce, "Baffa, wataƙila fa shanunmu ne." Ya ce, "Wataƙila. Ita saniyar me ta yi?"

Labarin ya kai kunnen Yaya Babba, ya yi kwanaki bai ci abincin gidan ba.

Jikin Baffa ya fara zubewa a hankali. Ba wani ciwo da likita ya kama ya ce ga shi, sai hawan jini da ya daɗe da shi. Riga ta yi masa yawa. Ya daina zuwa kara wurin cinikin shanu, ya daina zuwa ruga. In an kawo saniya ƙofar gida sai ya ce a kai wa wani. Duk ranar da ba a ɗauki kiran ba, ba ya cin tuwo. In kuma saƙon kamfani ya yi jinkirin zuwa sai ya aiko a tambaye ni ko layin yana nan. Ni kuwa in na shiga ofis, abin da nake fara dubawa kafin in ajiye jaka ke nan. Matar Auta kuwa tana ɗakinta da jaririya, ba ta san ko matar aure ce ita ko mai takaba ba. Iyayenta sun zo sau biyu da maganar a je wurin alƙali, Baffa ya ce ba zai hana ba, ita ce ta ce a bari tukuna.

Ranar da ya kwanta kwanciyar da bai tashi ba, ya kira ni gefen gadonsa. Ya ce, "Ma'aikaciya, wancan zai gaji asusun, na sani. Ki roƙar mini shi. Kada a rufe daga nan. A bari a rufe daga can." Na ce to. Yaya Babba yana bakin ƙofa, ya ji da kunnensa. Shi ne kuma ya tallafe kan Baffa har ya cika.

Bayan an tashi daga zaman makoki, baƙi sun watse, wayar Baffa tana hannuna saboda takardun mai da asusun sunan Yaya Babba. Ina ɗakinsa da rana ina naɗe rigunansa da za a bayar, sai ta yi ƙara. Baffa ba ya ajiye sunan 'ya'yansa a waya, lamba ce kawai ta fito, amma lambar da nake dubawa kullum ce. Na zauna a bakin gado na ɗauka.

Muryar ta ce, "Ina Baba? Kwana biyu bai kira ba."

Ba muryar babban mutum ba ce. Ba zai girmi Auta ba. Na ce, "Allah ya yi masa rasuwa."

Na ji kukan shanu a bayansa, na ji iska. Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya sake faɗa. Sannan ya ce, "Kullum in ya kira nakan ce yau zan gaya masa. Sai in kasa."

Na ce, "Gaya masa me?"

"Mai wayar. Tun makon farko ne. Ku daina jira." Ya ja numfashi. "Ba ni ba ne. Amma ni na haƙa. Na juya fuskarsa gabas."

Na ce, "A ina? Don Allah, a ina?"

Ya kashe. Na kira, na sake kira, a kashe take. Washegari na duba a ofis, layin ba ya kan sabis. Har yau bai sake hawa ba.

Ban iya zuwa wurin Inna kai tsaye ba, Yaya Babba na fara nema. Na same shi a zaure a kan tabarma, kusa da kujerar Baffa da ba wanda ya yarda ya hau. Na faɗa masa kalma da kalma. Ya ce, "Kin yarda da shi?" Na ce, "Ban sani ba, Yaya. Amma bai nemi komai ba." Ya rufe fuskarsa da hannun riga, kafaɗunsa suka yi ta girgiza. Mun sanar da hukuma abin da aka faɗa, aka kuma kai maganar gaban malamai da alƙali. Bayan an bi abin da shari'a ta ce, aka yi wa Auta sallar gawa ba gawa, matarsa ta shiga takaba. Inna ta ce ita dai ta gode Allah da Baffa bai ji ba. Gwaggo ta ce, "Wa ya gaya miki bai sani ba?"

Allah ya ji ƙan Baffa, ya haskaka makwancinsa, ya saka masa da rainon da ya yi mini da wanda ya yi wa waɗanda ba su ma san shi ne ba. Allah ya ji ƙan Auta a duk inda ƙasa ta rufe shi, ya raya 'yar da bai gani ba. Wanda ya haƙa kuwa, nakan ɗaga hannu in zo kansa, in tsaya. Har yanzu ban san addu'ar da zan yi masa ba.